Wa Ya Koya Wa Atanda Aiki?

A ƙauyukanmu na bakin Kwara, tun daga Shanga har zuwa Wara, duk wanda ya sa farar riga ya tsaya a ƙofar asibiti likita ne. Wanda ya yi shekara shida a jami'a likita ne, wanda ya fito daga makarantar koyon aikin lafiya ta Jega likita ne, mai yankan kati likita ne, har wanda aka ɗauka domin shara da wankin zannuwa, muddin dai an taɓa ganinsa riƙe da kwalbar magani, to shi ma ya shiga sahu. Mutanenmu abin da idonsu ya gani suke faɗa. Domin kuwa idan ciwo ya tashi da tsakar dare, aka sa mutum a kwalekwale ko a bayan babur aka kawo shi, wanda ya buɗe ƙofa ya haska fitila shi ne likitan wannan daren, ko wane ne shi a takarda.

A kan na ƙarshen nan nake so in ɗan yi magana da mai karatu, wato wanda ma'aikatan asibiti ke kira atanda. Ni malamin sakandare ne, abin da na karanta kuwa difiloma ce ta aikin koyarwa, saboda haka ba zan shiga gonar da ba tawa ba in ce ga yadda ake allura ko ga yadda ake ɗaura ƙarin ruwa. To amma akwai abu biyu da suka zama sana'ata shekara da shekaru: koya wa mutum abin da bai sani ba, da kuma auna shi daga baya a ga ko ya iya. Da wannan idon na dubi aikin atanda, abin da na gani kuwa ya hana ni sakat.

A takarda aikinsa a bayyane yake. Ya share ɗaki, ya gyara gado, ya kwashe fo, ya wanke kayan aiki, ya tura mara lafiya zuwa ɗakin hoto ko ɗakin tiyata, ya kai jini ɗakin gwaji, in wani abu ya taso ya ruga ya kira nas. A aikace kuwa, duk wanda ya taɓa kwana a asibiti ya san hannun atanda ya fi na kowa taɓa jikin mara lafiya. Likita yakan zagayo da safe, ya yi minti biyar a bakin gado ya wuce. Nas ɗaya tana iya riƙe ɗaki guda ita kaɗai da dare, ga rabon magani, ga allura, ga rubutu. Sauran sa'o'in nan masu tsawo, ɗagawa da kwantarwa, canza shimfiɗa, goge amai, lura da wanda numfashinsa ya canza, duk suna hannun atanda da ɗan jinya. A ƙananan asibitocin ƙauye abin ya wuce haka, don akan yi ranar da malamin asibiti ya tafi sakatariya karɓar magani ko ya tafi bita, ya bar atanda da makullai.

Yanayin ƙasarmu ma ya ƙara wa abin nauyi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga tsibirai da bakin kogi aka sake masu matsuguni, jama'ar wannan yanki take warwatse a tungaye da gungaye, wasu sai an haye ruwa kafin a kai gare su. Tafkin ya kawo kifi da albasa da kasuwa, ya kuma zo da sauro da tsargiya. Daga wasu tungayen kafin a kai mara lafiya babban asibiti a Yelwa an sha wuya, balle a ce Birnin Kebbi, wadda tafiya ce ta sa'o'i ta Koko da Jega. Ma'aikaci mai babbar takarda ba ya son zama inda babu wuta babu makarantar kirki ta 'ya'yansa, da an turo shi sai ya fara neman hanyar komawa birni. Atanda kuwa ɗan gari ne, nan aka haife shi, nan zai tsufa. Shi ne ma'aikacin da ba ya tafiya, shi ne kuma wanda ba a taɓa zaunar da shi a aji ba.

Shekarun baya mahaifiyata ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, muka yi mako shida da ita a wani babban asibiti. Ƙanwata ce ke kwana da ita, ni kuwa nakan zo da yamma bayan an tashi daga makaranta, ranar Asabar da Lahadi in wuni. A ɗakin matan akwai atanda biyu da suke karɓa-karɓa, matsayinsu ɗaya, albashinsu kusan ɗaya, rigarsu iri ɗaya.

Ta farko dattijuwa ce, ta kusa barin aiki. Ranar da aka kwantar da mu, kafin ma likita ya dawo, ta zo ta tsaya ta dubi tsohuwa, sa'an nan ta juyo wurin ƙanwata ta ce, "'Yar nan, ajiye kwanon nan ki zo ki kama nan." Ta nuna mata yadda ake sa hannu ɗaya a bayan kafaɗa ɗaya a ƙugu, a naɗe ƙafa, a mirgina mutum gaba ɗaya kamar ana juya tabarma, a sa matashi a tsakanin gwiwoyi. Kafin ta taɓa ta sai da ta sunkuya ta ce, "Inna, za mu juya ki, ki yi haƙuri," alhali kuwa a lokacin tsohuwa ba ta iya mayar da magana. Da ta gama ta dube ni ta ce, "Malam, ku ne masu agogo. Duk awa biyu a juya ta, dare da rana. In kun bar ta a gefe ɗaya, ciwon da zai fito mata a baya ya fi wanda ya kawo ku." Ta hana a bar zane da jiƙa ko da ƙudundune a ƙarƙashinta, ta ce a riƙa duba ƙugu da diddige da kafaɗa, in aka ga wuri ya yi duhu ko ya yi zafi a gaya mata. Wajen abinci kuma ta ce kada a kuskura a ba ta ko da ruwa ne tana kwance. A tayar da ita zaune, a ba ta kunu mai kauri da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye, a duba kuncin da ya mutu kada abinci ya maƙale a ciki.

Ta biyun yarinya ce, ba ta daɗe da fara aiki ba, kuma ina shaida ba muguwa ba ce. Tana da fara'a, ba ta ƙyamar ƙazanta, in an kira ta tana zuwa. Amma idan za ta ɗaga tsohuwa, hannun nan da ya shanye shi take kamawa ta ja, don shi ne ba ya yi mata gardama. Wata safiya ƙanwata ta fita wanki, ta dawo ta tarar tana ɗura wa tsohuwa kunu a kwance, tsohuwa ta ƙware tana tari idanu sun firfito. Da ƙanwata ta yi mata magana, abin da ta ce kawai shi ne, "Wallahi Yaya, haka na ga ana yi." Daga baya wani ma'aikacin lafiya abokina ya bayyana mani cewa mai irin wannan ciwo maƙogwaronsa ma yakan raunana, abinci ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama ciwon huhu da ke kashe mutum bayan kwanaki, a ce ai ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Jan hannun da ya shanye kuwa yakan gocar da kafaɗa, mutum ya tashi daga jinya da wani ciwon da zai yi ta fama da shi.

Na tambayi dattijuwar inda ta koyi aiki. Ta yi dariya ta ce ita ko firamare ba ta gama ba. Tana yarinya, zamanin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, ta faɗa hannun wata tsohuwar sista mai tsanani, wadda in ta ga ƙudundune ɗaya a zanen gado sai ta yaye shi a sake shimfiɗawa, in ta ga an taɓa wani mara lafiya an wuce wurin wani ba a wanke hannu ba sai ta mayar da mutum bakin famfo a gaban kowa. Wato dai sa'a ce ta haɗa ta da malama. Yarinyar ba ta yi wannan sa'ar ba, ta zo lokacin da kowa ke fama da kansa, aka miƙa mata tsintsiya da bokiti aka ce ga ɗakin mata nan. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, lafiyar mahaifiyata ta dogara ne a kan wadda jadawalin aiki ya faɗo wa a wannan dare.

Akwai kuma wani abin da ban lura da shi ba sai a wannan zama. A ƙasar Hausa ba a kai mutum asibiti a baro shi. Kowane gado da ɗan jinyarsa, da tabarmarsa a ƙarƙashin gado, da fulas da bokiti. Ɗiya ce, ko ƙanwa, ko kishiya, ko suruka, kuma galibi ba ta taɓa jinyar irin wannan ciwo ba. Wa take kallo ta koya? Likita ya yi mata nisa, nas tana jin nauyinta. Atanda take kallo. Abin da atanda ta yi shi za ta yi, shi kuma za ta tafi da shi gida ranar da aka sallame su, inda jinyar gaskiya take farawa, wata da watanni, wani lokaci shekaru. Ashe ke nan atanda malama ce mai ɗalibai sababbi kowane mako, ko ta sani ko ba ta sani ba, kuma darasinta yana shiga gidajen da babu wani jami'in lafiya da zai taɓa taka su.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar nan ba ta san darajar horo da rajista ba. Ta sani sarai. Ma'aikatan jinya da ungozoma suna da majalisarsu da dokar soja ta 1979 ta kafa, ita ke yi masu jarrabawa ta ba su lasisi, kuma lasisin nan sai an riƙa sabunta shi, ba a sabuntawa sai mutum ya nuna ya halarci ƙarin horo. Bayan taron Alma-Ata na 1978, da kuma zuwan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a matsayin ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, an mayar da hankali ga lafiya matakin farko, aka ɗora ta a wuyan ƙananan hukumomi. A 1992 aka kafa hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, a shekarar kuma aka kafa hukumar yi wa jami'an lafiyar al'umma rajista, wato malaman asibitin nan da ake kira CHEW, masu karatun shekara uku, da ƙannensu masu shekara biyu. An ba su littafin ƙa'idojin aiki wanda ya ce in ka ga alama kaza yi kaza, in ka ga kaza kada ka taɓa, tura gaba. A 2014 ma gwamnatin tarayya ta fito da manufar sauke wasu ayyuka daga hannun manya zuwa na ƙasa da su, bayan an horar da su, saboda ƙarancin ma'aikata. Duk wannan tsani ne mai kyau. Illa dai matakinsa na ƙarshe ya tsaya a kan atanda, bai sauko inda yake tsaye ba.

Wasu ƙasashen ma sai da suka ƙone kafin su ji tsoron wuta. A Amurka, inda ake tara tsofaffi da naƙasassu a gidajen jinya, an yi shekaru ana jin labarin tsofaffin da aka ɗaure a gado, da waɗanda gyambo ya cinye, har wani babban rahoto ya fito a 1986. A 1987 majalisarsu ta yi doka a kan duk gidan jinyar da ke karɓar kuɗin gwamnati. Dokar da ƙa'idojin da suka biyo ta sun ce mai taimaka wa nas sai ya sami horo na aƙalla awa 75, a ciki aƙalla awa 16 na aiki da hannu a gaban mai koyarwa, sa'an nan ya ci jarrabawa. Ba a yarda ya wuce wata huɗu yana aiki ba tare da ya cika wannan ba. Kowace jiha tana da rajistar sunayensu, in an tabbatar wani ya ci zarafin mara lafiya, ko ya yi sakaci da shi, ko ya ci dukiyarsa, a nan ake rubutawa, don kada ya bar wannan gida ya koma na gaba. Bayan haka wajibi ne a duba aikin kowane ɗayansu aƙalla sau ɗaya cikin wata 12, a kuma ba shi ƙarin horo da bai gaza awa 12 ba a shekara. A Ingila kuwa abin kunyar asibitin Stafford ne ya tayar da su, inda aka bar marasa lafiya cikin ƙazanta da ƙishirwa. Rahoton Robert Francis ya fito a 2013, a shekarar kuma wata 'yar jarida, Camilla Cavendish, ta bincika ta ga babu wani mizani ɗaya na horar da masu taimakon jinya a ƙasar. Daga nan aka fito da takardar shaidar kula da mara lafiya a 2015, mai ƙa'idoji 15 a lokacin, wadda sabon ma'aikaci zai cika a farkon aikinsa.

Na san za a ce mu ba mu da al'adar kai iyaye gidan tsofaffi, kuma Allah Ya sa kada mu yi. Na yarda. Amma gadon asibiti gado ne ko a ina yake, bayan tsoho kuma ba ya tambayar ƙasar da yake kafin ya ɓare. Abin da ya ja hankalina a dokar Amurkan ƙanƙantar abin da ta nema ne. Bari in auna da ma'aunin da na sani. Darasi ɗaya a sakandare minti 40 ne, a rana akan yi takwas. Awa 75 ke nan kwana 14 ne na makaranta da 'yan mintoci, ko mako uku ba su cika ba. Awa 12 a shekara kuwa awa ɗaya ce a wata. Ƙasar da ta fi kowa kuɗi, abin da ta sa a matsayin mafi ƙaranci ke nan, masu sukar dokar a can ma cewa suke ya yi kaɗan. Mu ko wannan kaɗan ɗin ba mu ɗora wa kanmu ba. Wani abin kuma da ya burge ni, a jarrabawar tasu an yarda mutum ya zaɓa, ko a rubuce ko da baki, sa'an nan dole ya nuna aikin da hannunsa. Da wannan ma'auni dattijuwar nan da ba ta gama firamare ba za ta ci, da yawa daga masu takardar sakandare kuwa su faɗi.

Sai batun duba aiki, wanda a nan ne nake da ta cewa, domin ni ma ana duba nawa. Duk ma'aikacin gwamnati ya san fom ɗin APER, wanda ake cewa a cika kowace shekara. Ma'aikaci ya cika rabinsa, shugabansa ya cika rabi, ya ba shi maki a kan zuwa aiki da wuri, da biyayya, da hulɗa da jama'a, da iya ɗaukar nauyi. Mun kuma san yadda abin yake tafiya. Ba a tuna da fom sai ƙarin girma ya gabato, sai a sayo na shekara uku a cika su rana ɗaya da biro ɗaya. Shugaba ba ya son a ce shi ya hana wani abincinsa, ga shi gari ɗaya, masallaci ɗaya, wataƙila ma akwai auratayya, saboda haka kowa nagari ne, kowa ya cancanta. Fom ɗin da malamin lissafi zai cika shi ne akawu zai cika, babu inda ya tambayi ko ɗalibai sun gane darasi. In an kai shi asibiti ma babu layin da ya ce, shin wannan ta iya juya mara lafiya? Shin tana wanke hannu? Atanda biyun nan da na ba da labari, na tabbata da za a ciro fayil ɗinsu ba za a iya bambance su ba. Wannan ma ga masu fayil ke nan. Da yawa daga masu wannan aiki a ƙananan asibitoci 'yan wucin gadi ne ko 'yan sa kai, waɗanda wani mai faɗa a ji ya kawo da 'yar takarda, ana ba su ɗan abin da ya samu, wata ya zo wata ya wuce. Wanda ba shi da fayil, wa zai duba aikinsa, a rubuta a ina?

Lokacin da muke koyon aikin malanta, an tura mu makarantu gwajin koyarwa. Malaminmu yakan zo ba sanarwa, ya zauna a bencin baya tare da yara, ya yi shiru har a buga ƙararrawa. Bayan nan ya kira ka gefe ya ce, ka juya wa yara baya kana magana da allo, ka tambayi na gaba kaɗai ka manta da na baya, rubutunka ya yi ƙanana. Mako biyu ya dawo ya ga ko ka gyara. Duk abin da na iya a aji daga irin wannan zaman na same shi, ban tuna wani fom da ya taɓa ƙara mani komai ba. Ƙa'idar Amurkan nan ma abin da ta ce ke nan, ƙarin horon shekara a gina shi a kan raunin da aka gano wurin duba aiki. Duba aiki da koyarwa igiya ɗaya ce. Mu mun tsinke ta, mun mayar da ɗaya hanyar ƙarin albashi, ɗayar kuma hanyar alawus.

Na ce alawus ne saboda bita. Ba a rasa bita a harkar lafiya, ta rigakafi, ta zazzaɓin cizon sauro, ta abinci mai gina jiki, ta cike takardun ƙididdiga. Ana yin ta a otal a babban birni, da Turanci, da shayi da ambulan. Wanda ake turawa shi ne shugaban asibiti ko na kusa da shi, fuskoki ɗaya kullum. Akan ce in sun dawo su koya wa na ƙasa, amma sau nawa aka yi? Atanda dai shi ke gadin asibiti har a dawo. Alhali in annoba ta zo, kamar sanƙarau na 1996 ko amai da gudawa na 2021, shi ke kwasar amai da zawo, shi ke tattara allurai da aka yi amfani da su, wani lokaci ba ko safar hannu. Ba a gaya masa cewa tsinin allura ɗaya na iya sa masa ciwon hanta ba. Horon nan kariya ce gare shi da iyalinsa kafin ma a zo ga mara lafiya.

Akwai masu ƙin wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Wani nas da muka yi muhawara da shi ya ce mani, "Malam, ka koya wa atanda abu kaɗan, gobe ka tarar ya buɗe kemis a tunga yana yi wa yara allura." Gaskiya ne, mun ga yaran da allurar ɗan koyo ta shanye wa ƙafa. Majalisar ma'aikatan jinya ma ba ta amince da waɗanda asibitocin kuɗi ke koya wa aiki a bayan fage su sa masu farar riga su kira su nas ba, kuma tana da dalili. To amma wannan ɓarnar ana yin ta yau, ba tare da an horar da kowa ba. Wanda ya koyi allura ta leƙe ta kafaɗar wani shi ne ba ya tsoro, don bai san akwai jijiya a wurin ba. Horo na gaskiya rabinsa sanin iyaka ne: wannan naka ne, wannan ba naka ba ne, in ka ga wannan ruga ka kira. Dattijuwar nan ban taɓa ganin ta riƙe sirinji ba. Ranar da ruwan da aka ɗaura wa wata mata ya tsaya, mijinta ya roƙe ta ta gyara, ta ce, "Alhaji, wannan ba hurumina ba ne," ta tafi ta taso nas daga barci.

Abin da nake gani mai yiwuwa ne ba ya bukatar otal. Hukumar lafiya matakin farko ta jiha, tare da makarantar Jega da ta ma'aikatan jinya ta Birnin Kebbi, suna iya tsara ɗan littafi da Hausa, da boko da ajami, mai hotuna, na abin da ya wajaba kowane atanda ya iya kafin a bar shi shi kaɗai da mara lafiya. Wanke hannu, juyawa da ɗagawa, ciyarwa, haɗa ruwan gishiri da sukari, zubar da allura, rufa asirin mara lafiya da suturta shi, musamman mace. A ƙara da abin da ya shafi bakin ruwa, domin mu nan nutsewa ba labari ba ce. Ba mu manta da jirgin da ya kife kusa da Wara a watan Mayun 2021 da mutane fiye da ɗari ba. Me za ka yi wa wanda aka tsamo daga ruwa, da wanda maciji ya sara a gona, da yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga, da mai jegon da jini ya ƙi tsayawa, kafin mai sani ya iso? Shugaban asibiti ya ware awa ɗaya a wata, ranar da ba kasuwa, ya zaunar da su. Sau ɗaya a shekara wani daga waje ya zo ya tsaya a bakin gado ya ce yi in gani. Kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda dama an kafa shi ne don jama'a su sa ido a kan asibitinsu, ya riƙa tambayar waɗanda aka sallama yadda aka yi da su. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware wani asusu don irin waɗannan ƙananan asibitoci. Kuɗin alli da takarda ba zai gagare shi ba.

Wajen zaɓen wanda za a horar kuma a tuna da harshe. A ɗakin jira ɗaya a wannan yanki za ka ji Hausa, ka ji Gunganci, ka ji Kambarci da Fulatanci, wani tsohon kuma Shanganci ne a bakinsa in ciwo ya matsa shi. Malamin asibitin da aka turo daga wani gefen jiha Hausa kawai yake ji, atanda ne tafintansa. In tsohuwa ta ce ƙirjinta ne ke mata nauyi, atanda ya fassara da cewa ciwon ciki ne, to maganin ciwon ciki za a rubuta. In an ce a sha ƙwaya ɗaya sau uku, ya juya ta zama uku sau ɗaya, babu wanda zai kama kuskuren sai a gida. Wannan ma aiki ne da ake yi kullum a asibitocinmu, ba ya cikin takardar ɗaukar kowa aiki, ba a kuma taɓa gwada kowa a kansa ba.

Dattijuwar ta bar aiki shekara guda bayan an sallame mu. Na ji an yi mata ɗan taro, an ba ta atamfa da agogon bango. Gurbinta an ba wani yaro ne da ya gama sakandare a hannunmu, ɗalibina ne, mai hankali da ladabi. Na haɗu da shi a kasuwar Yelwa na tambaye shi wa ya nuna masa aiki, ya ce, "Malam, an dai nuna mani inda ake ajiye bokiti."